Kunnen Mai Abinci a Zangon Agege

Ka tsaya da hantsi wurin wata mai abinci a Zangon Agege, ka kasa kunne. Idan ta ce wa 'yarta, "Na dafa duka, zo ki kwashe," za ka ji "da" a sama, "fa" kuma ya sauko a gajarce. Can sai mahauci ya iso daga mayankar Oko-Oba, ta tarbe shi: "Sannu da aiki, Malam. Dafa-duka ko shinkafa da miya?" A nan gaɓoɓin biyu duk sun kwanta ƙasa, "fa" ɗin kuma ta ja shi. Ko harafi ɗaya bai canza ba, amma magana ta koma sunan abinci. Sau ɗari za ta yi haka kafin azahar, hannunta na kan ludayi, ba za ta kuskure ba. Abin nan yana burge ni ƙwarai.

Haka ake ƙera irin waɗannan harɗaɗɗun sunaye masu farawa da aikatau: a sauke karinsa, a tsawaita wasalinsa na ƙarshe. Gwada fasa-ƙwauri a bakinka, gwada hana-salla, hular nan mai baki. A ta biyun ma, har wutsiyar "salla" ake datsewa.

Mutanen Holan ma gwanayen harhaɗa sunaye ne, sai dai su da ƙarfin murya suke aiki, galibi su ɗora shi a kan kalmar farko, su yanka gaɓa daidai mahaɗa. Kalmarsu valkuil, in an yanka ta val-kuil, ramin tarko ce. In an ce valk-uil, wata mujiya ce. Mu kuwa ma'auninmu karin sauti ne da nauyin gaɓa, batun da masanin harshe Paul Newman ya yi rubutu a kansa tun 1972. Gaɓarmu siffa uku gare ta, "da" marar nauyi, "daa" da "dak" masu nauyi, kuma ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa da sunan burodin da Agege ta shahara da shi ya shigo mana daga Turanci, bakin Bahaushe ya cusa wasali ya mai da shi bu-ro-di.

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna kari ko tsawon wasali, don haka 'yar nan daga bakin uwarta ta ɗauka. A Legas aka haife ta, tana zuba Yarbanci mai kari uku da masu ciniki, amma da ta juyo ta ce, "Inna, dafa-dukan ya ƙare," sai ka rantse daga Kano ta sauka jiya.