2.4 Tsokaci a Kan Ƙamusun Newman (1990) Dangane da Ma'ana da Furucin Keɓaɓɓun Kalmomin Ingilishi

A shekarar 1990 ne Maɗaba'ar Jami'ar Yale ta Amurka ta buga ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman. Wannan sashe zai duba yadda ƙamusun yake taimaka wa Bahaushen da ya ci karo da baƙuwar kalmar Ingilishi, musamman ta kimiyya ko likitanci ko aikin soja.

Ta fuskar ma'ana, aikin ya cancanci yabo. Marubuciyar ta rarrabe ma'anonin kalma ɗaya, ta kawo misalai cikin jimloli, ta kuma shigar da sababbin kalmomin aro daga Ingilishi da Faransanci. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci, domin kalma kamar "cell" tana nufin ɗakin kurkuku a wurin gandiroba, amma a wurin malamin kimiyya ƙwayar halitta ce. Mai fassarar da ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya ya ɓatar da masu sauraro.

Sai dai ta fuskar furuci akwai giɓi. An tsara ƙamusun ne domin mai jin Ingilishi da ke koyon Hausa, saboda haka aka nuna karin sauti da tsawon wasali a kalmomin Hausa, aka bar na Ingilishi da rubutunsu kawai. Ga Bahaushe kuwa, rubutun Ingilishi mayaudari ne, tun da ya saba da ƙa'idar Hausa inda kusan kowane harafi ake furta shi. A "pneumonia" da "psychology" ba a furta harafin farko. A "debris" ba a furta na ƙarshe. Ɗalibi ko mai karanta labarai a rediyo da ya dogara ga rubutu zai furta abin da ba ya cikin kalmar.

Abin lura shi ne kalmomin da Hausa ta ara ta hanyar ji sun tsira daga wannan tarko. Sojojin da suka ce "kanar" da "laftanar" sun bi furucin Turawan Ingila na "colonel" da "lieutenant", ba rubutunsu ba. Haka kuma masu cewa "nimoniya" sun yar da harafin da Bature ma ba ya furtawa. Ashe kunnen wanda bai yi boko ba ya fi idon ɗan makaranta dacewa a nan.

Ba za a ɗora wa Newman laifin abin da ba ta yi alkawari ba. Amma ƙamusun Hornby na masu koyon Ingilishi, wanda Oxford ta buga a 1948, ya nuna furucin kalmominsa. Saboda haka, duk ƙamusun da za a rubuta domin Hausawa ya kamata ya haɗa ma'ana da furuci, ko da ta hanyar rubuta furucin da haruffan Hausa ne.