Gwanin da Ke Tayar da Sumo Ba Rana, Ba Fetur

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama sai mai hali. A Kalgo, inda Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta jawo ɗalibai da gidajen haya, masu rijiyar burtsatse da dama sun koma sola. Sai dai rana ba ta san lokacin alwalar asuba ba. Nan ne batirin litiyam ya shigo, nan kuma ake gane gwani da ɗan koyo.

Ni abin da ke burge ni da gwanin mai haɗa sola shi ne ba ya fara zancen batir. Rijiyar yake fara tambaya: zurfinta nawa, ina ruwa yake tsayawa a watan Afrilu, kuma minti nawa ake ja kafin ya ja baya? Domin sumo, famfon da ake zurawa cikin rijiyar, da ruwan da yake ciki yake samun sanyi. Ya yi aiki a bushe, ya ƙone.

Sannan ya zauna lissafi. Ƙwayar batirin LiFePO4 guda tana ba da bolt 3.2. A jera 16, a sami 51.2, wanda 'yan kasuwa ke kira 48. In mai amfiya-awa 100 ne, ya tara kilowat-awa 5 da 'yan kai. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya kuwa yana cin kusan kilowat guda, ka ga awa huɗu ke nan cikin kwanciyar hankali. Batirin ruwa irin na da, rabinsa kawai ake ci in ana son ya yi ƙarko.

Amma tarkon yana wurin tashi. A daƙiƙar farko injin yakan fizgi wuta ninki uku zuwa shida na abin da yake ci a tafiya. Cikin batirin akwai ɗan allon tsaro, BMS, wanda da ya ga haka sai ya yanke wuta, mai gida ya ɗauka an sayar masa da jabu. Gwani ya san wannan tun kafin ya kwance kwali. Yakan zaɓi inbata mai jure fizgar, ko ya kawo sumo mai tashi a hankali, ya sa waya mai kauri don kada ƙarfi ya zube a hanya. Batirin kuma ɗaki mai iska yake nema masa, domin zafin bazara a ƙasar Gwandu yakan haura digiri 40, kuma zafi na rage wa litiyam kwana.

Wani lokacin ma cewa zai yi ka rage batir ka ƙara tanki, a cika shi da tsakar rana, don ajiye ruwa ya fi ajiye wuta arha. Ribarsa ce yake ragewa da bakinsa.

In mai haɗawa ya yanka maka kuɗi bai leƙa rijiyarka ba, ba shi na mota ya koma.