Masu Bara Don Tsofaffi a Saint-Denis

A Saint-Denis, arewa da Faris, akwai gidan tsofaffi mai suna Ma Maison. Matan zuhudun Katolika na Petites Sœurs des Pauvres ke riƙe da shi. Su ciyar da marasa galihu, su yi jinyarsu, su zauna bakin gadonsu har rai ya yi halinsa.

Abin burgewa, su ma bara suke yi don tsofaffin, coci-coci, kasuwa-kasuwa. Wadda ta san nauyin miƙa hannu da wuya ta yi gori.

Jeanne Jugan ta kafa ƙungiyar a 1839, da ta goyo wata tsohuwa makauniya ta bar mata gadonta. A 1843 aka tuɓe ta daga shugabanci, ta ɗauki kwandonta ta ci gaba da bara.