Wa Ya Tambayi Panchavarnam?

'Yan'uwana masu kallon Indiya, da yawanmu mun san Virasat na 1997, wanda Anil Kapoor da Tabu da Amrish Puri suka fito. Ni ma shi na fara gani, har da hawayena. Sai daga baya na gane ashe kwafi ne. Asalinsa Thevar Magan ne na 1992, da harshen Tamil na kudancin Indiya. Kamal Haasan ne ya rubuta labarin kuma ya fito jarumi, Bharathan ya ba da umarni.

Labarin dai ga shi. Sakthivel ya dawo ƙauyensu daga Landan da budurwarsa Bhanu, burinsa ya buɗe gidajen abinci a birni. Mahaifinsa Periya Thevar, wato tsoho Sivaji Ganesan, shi ne babban garin, kuma tsakaninsa da gidan ƙanensa akwai tsohuwar gaba. Ɗan ƙanen nan, Maya, mugu ne na ƙin ƙarawa. An fasa madatsar ruwa, ambaliya ta ci har jarirai. Maya ya ci mutuncin tsohon a gaban taron gari, baƙin ciki ya kashe shi. Dole Sakthivel ya ajiye wandon Turawa ya hau kujerar ubansa.

Fim ne mai kyau, ba na musu. Zaman da uba da ɗa suke yi suna magana kaɗai ya isa a kalle shi. To amma ni marubuciya ce, idona yana kan matan.

Ku duba yadda aka yi auren Panchavarnam. Rigima ce ta maza a kan shingen da ya tare hanya. Don mahaifinta ya yarda a cire shingen, Sakthivel ya yi alkawarin samo mata miji. Ranar biki angon ya tsorata da Maya ya gudu. Sai Sakthivel ya aure ta nan take don kada maganarsa ta faɗi ƙasa. Jama'a, wa ya tambaye ta? Fim ɗin yana so mu tausaya wa jarumi saboda ya sadaukar da soyayyarsa. Ita kuwa yarinyar an miƙa ta ne kamar yadda ake miƙa goron sulhu. Bhanu ma ta dawo daga tafiya ta tarar da mace a ɗakin saurayinta, ta yi kukanta, aka sallame ta daga labarin.

Abin da ya ceci wannan ɓangare Revathi ce. Da 'yar magana kaɗan, da sunkuyar da kai, da wata dariyar kunya, ta sa muka ga mutum a inda labarin ya ajiye kaya. Ba banza ba ta samu lambar yabo ta ƙasa. Amma wallahi da ni na riƙe alƙalamin, sai na ba ta dare ɗaya ta yi fushi. Ɗaya tak.

Haka aka yi wa Esakki, baran gidan, wanda Vadivelu ya fito. Sakthivel ne ya sa shi fasa ƙwaɗon wurin bautar da aka rufe, shi kuma aka sare wa hannu. A ƙarshe jarumi ya fille kan Maya, ya miƙa kansa ga hukuma yana roƙon mutane su kai yara makaranta. A can Tamil Nadu an daɗe ana sukar fim ɗin da cewa kirari ya yi wa dangin Thevar. Darakta Mari Selvaraj ya faɗi damuwarsa a gaban Kamal Haasan kansa a 2023, shekarar da ya fitar da Maamannan, inda ya ɗora Vadivelu ɗin nan a kujerar uba. Esakki dai ya samu mai rama masa. Ina nan ina jiran ta Panchavarnam.