Injin Wasa a Barikin Soja: Wa Zai Zana Ƙasar Damagaram a Cikin Kwamfuta?

Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, bai tsaya ga sayen bindigogi a hannun fataken da ke ƙetaro hamada daga Tarabulus ba. Ya tara maƙera a birninsa suna zuba igwa, ana haɗa albarushi a gida, har masana tarihi suna ambatar bindigogi wajen 6,000 da igwa kusan 40 a hannun rundunarsa. Duk da haka, shekara 15 bayan rasuwarsa, a ƙarshen watan Yuli na 1899, wata ƴar ƙaramar rundunar Faransa ta karya mayaƙan Sarki Amadu Kuren Daga a Tirmini, ta shiga Zinder. An saba cewa bindigar Nasara ce ta fi ta Damagaram sauri da cin nisa, kuma haka ne. Sai dai akwai abu na biyu da ba a cika kulawa da shi ba: sojojin da ke riƙe da waɗannan bindigogi, galibinsu ƴan Afirka, an hore su ne kullum, su tsaya sahu, su jira umarni, su saki wuta tare, har abin ya zame musu jiki. Irin wannan horo yana cin albarushi, kuma rundunar da ke ƙirga albarushinta ba ta iya ƙona shi a gwaji. Matsalar tana nan har gobe. Kowace rawar daji tana lashe harsashi da man fetur da tayoyin mota da sa'o'in tashin jirgi, wato ainihin kayan da filin daga ke jira. Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi kamar Nijar takan samu kanta tsakanin ta horar da soja ko ta tanada masa abin yaƙi. Na'urorin kwaikwayon yaƙi da ake ginawa kan injin wasan bidiyo su ne hanya mafi araha da aka samu ta sassauta wannan ƙunci. Ra'ayina shi ne Nijar ta rungume su, amma bisa sharaɗi guda mai nauyi: abin da za a zuba a cikin injin ya zama namu, mu muka rubuta shi.

Injin wasa shi ne manhajar da ke ƙarƙashin wasan da yaro ke bugawa a kwamfuta ko a waya. Ita ke zana ƙasa da sama da inuwa, ita ke lissafa yadda harsashi zai tafi ya faɗi, yadda mota za ta nutse a yashi, yadda ƙara za ta iso kunne daga nesa, ita ce kuma ke haɗa mutane da yawa a fili ɗaya ta hanyar sadarwa. Kwaikwayo don horo ya girmi kwamfuta: a 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgi a Amurka, kuma matuƙa dubu ɗaruruwa sun zauna cikinsa a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma na'urorin da sojoji suka riƙa ginawa da kansu, irin SIMNET na shekarun 1980, kuɗinsu ya fi ƙarfin kowa sai manyan dauloli. Sauyin ya zo ne daga kasuwa. A 1996 wasu sojojin kundumbalar Amurka suka gyara wasan Doom II domin koya wa rukunin mutum huɗu tafiya tare da kare juna. Daga wasan Operation Flashpoint na 2001, wanda kamfanin Bohemia Interactive na ƙasar Cek ya fitar, aka samo manhajar VBS da rundunonin ƙasashe da dama ke horo da ita, kuma a 2022 kamfanin makamai na BAE Systems ya sayi kamfanin da ke yin ta kan dala miliyan 200. Kamfanin Lockheed Martin ya gina manhajar Prepar3D kan wasan tuƙin jirgi na Microsoft. Rundunar saman Amurka ta fara gwajin koyar da matuƙa da tabarau mai nuna duniyar kwaikwayo a 2018, hukumar NASA ma ta yi amfani da Unreal Engine wajen shirya ƴan sama jannati. Dalilin arahar ba boyayye ba ne: miliyoyin masu wasa a faɗin duniya sun riga sun biya kuɗin ƙera injin, soja ya zo ya tarar da shi a shirye.

Me wannan zai tsinana wa sojan da ke barikin Zinder, wanda gobe za a iya tura shi Difa ko hanyar Tanut? A nan ya kamata a dubi yadda Nijar ta yi asarar ƴaƴanta. A Bosso a watan Yuni na 2016, a Inates ranar 10 ga Disamba 2019 inda soja 71 suka kwanta dama, a Shinagodar ranar 9 ga Janairu 2020 inda aka rasa 89, maharan sun zo ne da yawa, a kan babura da motoci, cikin gaggawa. A irin wannan hari ƙwarewar harbi ta mutum ɗaya ba ta isa. Abin da ke raba rai da mutuwa shi ne mintunan farko: wa ya gani, wa ya faɗa wa wa, ina kowa zai tsaya, me za a yi in rediyo ta mutu, ta ina agaji zai shigo. Binciken da ma'aikatar tsaron Amurka ta yi kan kwanton ɓaunar Tongo Tongo na 4 ga Oktoba 2017 ya nuna cewa sojojin Amurka ba su gwada matakan kare kai tare da abokan tafiyarsu na Nijar ba kafin su fita. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan shi ne fannin da injin wasa ya fi ƙarfi. Ana iya zaunar da laftana da sajensa da direbobi da mai rediyo, kowa gaban allonsa, a jefa ayarinsu cikin kwanton ɓauna sau goma a yini ɗaya, kowane karo da sabon salo, ba a ƙona ko lita ɗaya ba. Bayan haka a mayar da hoton baya, a ga daidai inda umarni ya makara da inda mota ta tsaya a wurin da bai kamata ba. A rawar daji ta zahiri kowa yakan tuna abin da ya faru yadda ya fi masa daɗi; na'ura kuwa ta ajiye komai. Ga shi kuma tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sojojin Faransa sun fice a Disamba na shekarar, na Amurka sun miƙa sansanin jirage na Agadas a Agusta 2024, wato nauyin horon da ake rabawa da baƙi ya dawo wuyan Nijar.

Tsohon soja zai ce wasa wasa ne, kuma maganarsa tana da tushe. Allo ba ya ɗauke da zafin watan Afrilu, ba ya sa ƙishirwa, ba ya koya wa ƙafa tafiya a rairayin Gure da kaya a baya, kuma wanda aka harbe a cikinsa yakan tashi ya sha shayi. Duk wanda ya ce na'ura za ta maye gurbin filin harbi da rawar daji yaudarar kansa yake yi. Amma jiki da tunani ba hanya ɗaya suke koyo ba. Jiki sai ya sha wuya, shi kuwa yanke shawara maimaici yake so, kuma maimaici ne abin da talaucin kayan aiki ya hana. Idan hafsa ya gama kurakuransa na farko a ɗaki, ɗan man da aka ware wa rawar daji zai tafi ga abin da fili kaɗai ke koyarwa. Mutanen Zinder, masu wasan kara da matasa ke shiga rigar shugabanni suna kwaikwayon tafiyarsu da maganarsu, sun daɗe da sanin cewa kwaikwayo hanya ce ta fahimtar abu. Sannan akwai aikin da tazara tsakanin kwaikwayo da gaske ta kusa shafewa. Matuƙin jirgi maras matuƙi, irin Bayraktar TB2 da Nijar ta karɓa daga Turkiyya a 2022, a ɗaki yake zaune gaban allo ko a ranar yaƙi. A Yukiren ma masu sarrafa ƙananan jirage marasa matuƙi sukan fara ne da manhajojin tsere na kasuwa kafin a damƙa musu na gaske.

Haɗarin da ya fi damuna daban ne. Na'ura ba ta san yaƙi ba. Abin da aka rubuta mata shi take nunawa, kuma soja zai koyi duk abin da ta nuna masa, daidai ne ko kuskure. A 2002 Amurka ta shirya gagarumin atisayen Millennium Challenge, rabi a fili rabi a kwamfuta. Janar Paul Van Riper mai ritaya, wanda aka ba jagorancin ɓangaren abokan gaba, ya ƙi amfani da rediyon da za a saurara, ya riƙa aika saƙo ta hannun masu babura, ya kai hari da ƙananan jiragen ruwa da makamai masu linzami, lissafi ya nuna ya nutsar da manyan jiragen yaƙi 16. Sai masu shirin suka mayar da jiragen kan ruwa, suka ɗaure masa hannu da dokoki, aka ci gaba. Idan daula mafi kuɗi za ta iya horar da kanta kan abokin gaban da take fata maimakon wanda ke akwai, ina ga wanda ya sayi manhaja a kwali, da ƙasar wasu da maƙiyin wasu a ciki? Hoton tauraron ɗan adam zai ba ka tudu da kwari da duwatsun da suka kewaye Birnin Zinder, amma ba zai gaya maka rijiyar da ke ƙafewa da bazara ba, ko ƙoramar da ke yanke hanya da damina, ko yadda hazo ke rufe ido a watan Janairu, ko ranar da kasuwa ke ci har hanya ta cika da amalanke. Ba zai bambanta ɗan kabu-kabu da ɗan leƙen asiri ba. Mutanen da ke yawo a cikin allon dole su yi Hausa da Barbarci da Fillanci da Buzanci da Tubanci, su yi abin da manomi da makiyayi ke yi in sun hangi motar soja. Wannan ilmi yana kan sojojin da suka dawo daga bakin kogin Komadugu, yana wurin masu gari da direbobin hanya, kuma masu iya mayar da shi lissafin kwamfuta ana iya renonsu a Jami'ar André Salifou da ke Zinder ɗin kanta. Kayan aro ba ya rufe katara. Manhajar da lasisinta ke hannun kamfanin makamai na wata ƙasa ana iya hana sabunta ta ranar da siyasa ta juya, kuma taswirar barikokinka da dabarunka ba abin da za a ajiye a rumbun wani ba ne. Akwai injuna irin Godot da kowa ke iya buɗe cikinsu ya gyara kyauta. Ko ba su kai na kasuwa ƙawa ba, kyan hoto shi ne abu na ƙarshe da horo ke bukata.

Wani zai kawo zancen talauci: garin da ke fama da ruwan sha, wanda ya ɗanɗani duhu lokacin da Najeriya ta yanke wuta a Agusta 2023, ina shi ina ɗakin kwaikwayo? Amsar gajeriya ce. Ana maganar kwamfutoci ƴan gomomi da faifan hasken rana da batura, ba irin sansanin Agadas da ya ci fiye da dala miliyan 100 ba. Tsadar gaske tana ga mutane, wato malaman da za su rubuta darussa su zauna su warware kuskure da ɗalibi, da masu gyara in ƙura ta shiga. Su ne kuma ribar da za ta wuce bariki, domin fasahar ɗaya ce da ta koyar da matuƙan farar hula da masu kula da zirga-zirgar jirage, aikin da kwalejin Zariya da makarantar EAMAC ta Yamai suka shafe shekaru suna yi.

Saura ƙorafin da ya fi kowanne nauyi, cewa wasa yana rage wa kisa girma a zuciya. Ba zargi ne na banza ba. Wasan America's Army, wanda rundunar Amurka ta fitar a 2002 ta rufe a 2022, an yi shi ne domin jawo matasa shiga soja, kuma wasannin harbi na kasuwa kusan duka suna ba da maki ne ga wanda ya fi kashewa. Idan aka ɗauko wannan ma'auni aka shigo da shi bariki, za a fitar da sojan da yatsansa ya riga tunaninsa. A ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojan Najeriya ya saki bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu, saboda wanda ke kallon allo ya ga taro ya ɗauke shi taron ƴan bindiga. Daga sama, da dare, taron zikiri da na biki da na makiyaya a bakin rijiya duk ɗigo-ɗigo ne masu motsi. Koyon bambanta su yana bukatar ido ya gan su sau ɗari kafin ranar da rai zai rataya a kan ganin, kuma babu inda za a yi haka ba tare da zubar da jini ba sai a na'ura. Saboda haka darussan da za a rubuta a Zinder dole kaso mai yawa daga cikinsu su zama waɗanda amsarsu ita ce a jira, a sake tambaya, a ƙi harbi. Hafsan da ya saki wuta kan taron Mauludi a cikin allo a rubuta masa faɗuwa ko da akwai maƙiyi a gefen taron, ya maimaita darasin, kuma a hana shi kujerar jirgin gaske har sai ya ci.