Starsky da Hutch: ƴan sandan Amurka da bakin Faransa

Daga 1975 zuwa 1979 tashar talabijin ta ABC a Amurka ta nuna wasan ƴan sanda mai suna Starsky & Hutch, zango huɗu, kashi sama da 90. William Blinn ne ya ƙago labarin, kamfanin Aaron Spelling da Leonard Goldberg kuma ya shirya shi. A Los Angeles aka ɗauke shi, amma aka raɗa wa garin sunan ƙage, Bay City. Ginshiƙin labarin shi ne amincin ƴan sandan ciki biyu: Starsky mai zafin nama, wanda Paul Michael Glaser ya fito a matsayinsa, da Hutch mai natsuwa, wato David Soul. Motarsu Ford Gran Torino, ja mai farin zane, ta yi suna kamar su kansu.

Zanguna biyu na farko ba wasan yara ba ne: kisa, fataucin ƙwaya, karuwanci da harbe-harbe. Akwai kashin da miyagu suka kama Hutch suka yi ta ɗura masa hodar heroin ta allura har ta kama jikinsa, kuma BBC ta ƙi nuna shi a lokacin. Da ƙungiyar iyaye da malamai da ta likitocin Amurka suka tashi haiƙan a kan tashin hankali a talabijin, sai daga zango na uku, a 1977, aka rage faɗa, aka ƙara labaran zaman jama'a.

A Faransa, inda tashar TF1 ta fara nuna shi a 1978, masu aza murya ne suka sake masa kama. Jacques Balutin ya ari bakin Starsky, Francis Lax ya ari na Hutch, suka cusa ba'a da barkwanci waɗanda babu su a rubutun Ingilishi. Har waƙar buɗewa aka yi masa da Faransanci, alhali na asali kiɗa ne zalla. Saboda haka duk wanda ya san wasan ta Faransanci, kamar yadda akasarin finafinan Turawa suke iso wa Nijar, rabin abin da ya burge shi aikin mafassara ne.

Wannan aiki ya cancanci yabo. Muryoyin biyu sun mai da amincin jaruman kamar wasan taubasai, abin da kunnen Bahaushe ya saba da shi, kuma sun rayar da labaran da yawancinsu hanya ɗaya suke bi: laifi, tsegumi daga bakin Huggy, wanda Antonio Fargas ya fito a matsayinsa, tseren motoci, kamu. Amma akwai hasara. Idan ɗan sanda ya maka wanda ake tuhuma da bango yana zolaya, mai kallo dariya zai yi, ba zai tambayi ina haƙƙin mutumin ba. Abin da ƙungiyoyin Amurka suka sa aka rage, fassara ta lulluɓe shi da raha, ya wuce ba tare da an lura ba.

Batun ya shafi Hausa kai tsaye. Finafinan Indiya da ake aza wa muryar Hausa a Kano, waɗanda ake kallo a Maraɗi da Damagaram, su ma da ƙarin gishirin mafassara suke zuwa, matasa kuma suna haddace kalamansu. Malamin harshe zai iya ɗauko fitowa guda ta Starsky da Hutch, ya nuna wa ɗalibai ita da Ingilishi, sannan da Faransanci, ya sa su lissafa abin da aka ƙara da abin da aka zubar, kana su juya ta zuwa Hausa. Ɗalibin da ya yi wannan aiki sau ɗaya zai riƙa tambayar wane ne yake magana a bayan muryar da yake ji, kuma me ya ga dama ya ɓoye masa.