Gashin Kanti da Tsirkiya Huɗu: Nazari a kan Kiɗan B-52's

Faifan farko na ƙungiyar B-52's, wanda ya fito a 1979, bangonsa rawaya ne. Mutum biyar ne tsaye a kai, maza uku da mata biyu, sanye da kaya irin na gwanjo, matan kuma da gashi tuli guda a ka kamar amya. Duk wanda ya ga hoton kafin ya ji kiɗan, ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa waɗannan 'yan barkwanci ne. Hukuncin nan ya bi su fiye da shekara arba'in. Ana son su, ana cashewa da waƙoƙinsu a wuraren biki, amma in an zauna lissafin gwanayen kiɗan Amurka na ƙarshen ƙarni na ashirin, da wuya a kai kansu. Ni kuwa a ganina an tauye musu haƙƙi, kuma hujjar tana cikin sautin kansa, ga mai kunnen ji.

A Atens aka kafa ƙungiyar, wani ƙaramin garin jami'a a jihar Jojiya da ke kudancin Amurka, cikin 1976. Abokai ne biyar: Fred Schneider, Kate Pierson, Keith Strickland, sai Ricky Wilson da ƙanwarsa Cindy Wilson. Bayan sun ci abinci a wani gidan abincin Sin ne suka zauna suka fara kaɗe-kaɗe don nishaɗi, kuma wasansu na farko a bainar jama'a sun yi shi ne a gidan wata liyafar abokai ranar 14 ga Fabrairu, 1977. Sunan ma daga gashin ya samo asali: a kudancin Amurka ana kiran wannan tulin gashi da sunan jirgin yaƙi samfurin B-52, saboda ya yi kama da hancin jirgin. Kafin ƙarshen shekarar sun fara tuƙa mota zuwa New York suna wasa a Max's Kansas City, daga baya kuma a CBGB, wuraren da sabon kiɗan birnin ke ƙyanƙyashewa.

Wannan sabon kiɗa shi aka yi wa laƙabi da New Wave, wato sabon yayi. Ɗan pank ne, amma bai gaji fushin ubansa ba. Pank ya zo a tsakiyar shekarun 1970 da gajerun waƙoƙi, ihu da tawaye, ya nuna wa matasa cewa ba sai ka yi makarantar kiɗa za ka hau dandali ba. Sabon yayi ya riƙe wannan 'yanci, ya ƙara masa piyanon lantarki, rawa, launi da wasa da hankali. Talking Heads da Blondie da Devo duk 'yan wannan gida ne. B-52's suka ɗauki ɓangaren da ya fi kowane saurin jawo raini, abin da Turawa ke kira camp.

Kalmar tana da wuyar kamawa, amma abin da take nufi ba baƙo ba ne. Marubuciya Susan Sontag ta yi mata sharhi mai tsawo a 1964, ta bayyana ta a matsayin ƙaunar abin da ya wuce kima, abin da kowa ke gani an ƙaga shi ne, kuma mai shi bai ɓoye ba. Mutum ya tsinto abin da jama'a suka yar a matsayin tsohon yayi ko ƙauyanci, ya kakkaɓe shi, ya saka, ya fito yana taƙama. B-52's sun tsinto finafinan dodannin sararin sama masu arha na shekarun 1950, da kiɗan gaɓar teku na Kalifoniya, da muryoyin ƙungiyoyin 'yan mata na shekarun 1960, da tsofaffin raye-rayen da aka daina yayi. Abin lura shi ne ba izgili suke wa waɗannan abubuwa ba. Son su suke yi. Mai izgili yana tsayawa nesa yana nuna yatsa, su kuwa cikin kayan suka shiga tsundum.

To, a ajiye gashin a gefe, a saurari jitar Ricky Wilson, domin a nan ne maganar ta fi ƙarfi.

Jita tsirkiya shida gare ta. Ricky yakan cire na tsakiya, sau da yawa biyu, ya bar huɗu, sannan ya ɗaure ragowar yadda ya ga dama, ba bisa ƙa'idar da ake koyarwa ba. Tsirkiyoyin ƙasa yakan sassauta su har su yi kauri, na sama kuma yakan daidaita su a kan murya ɗaya su riƙa ƙara tare kamar ƙarfe. Jitar da aka fi saninsa da ita samfurin Mosrite ce, irin wadda makaɗan gaɓar teku suka yi suna da ita. Dalilin wannan tsari a fili yake: ƙungiyar ba ta da mai kaɗa jitar bes a farkon tafiyarta. Saboda haka hannu ɗaya ke aikin mutum biyu, ɓangaren ƙasa na jitar yana riƙe gindin kiɗa tare da bes ɗin da Kate Pierson ke dannawa a kan ƙaramin piyano, ɓangaren sama yana sara kamar wuƙa. Wanda ya san abin da Ɗan Maraya Jos ya fitar daga kuntigi mai tsirkiya ɗaya ba zai yi mamakin cewa ragi na iya zama ƙari ba.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne ramin da cire tsirkiyoyin ya bari. Yawancin ƙungiyoyin rok suna cika tsakiyar sauti da jita har murya ta riƙa kokawa kafin a ji ta. A kiɗan B-52's tsakiyar a buɗe take, kuma a cikin wannan fili ne muryoyi uku da ogan ɗin Farfisa na Kate ke zama, kowa da gurbinsa, babu mai take wani. Shi ya sa faifan 1979 har yau yake fita tas a kunne. Chris Blackwell, mai kamfanin Island a lokacin, wanda ya fito da Bob Marley ga duniya, shi ya ɗauki faifan a situdiyon Compass Point da ke Bahamas, kuma ya yi hikimar barin su kusan yadda suke a dandali, bai lafta musu ƙarin kaya ba. Kiɗan da ba shi da wurin ɓuya irin wannan, kuskure ɗaya ya isa ya tona asirinsa. Gangar Keith Strickland ba ta yin ado, tana tafe ne daram kamar agogo, kuma a kanta komai ya dogara.

Sai muryoyin. Fred Schneider ba ya rera waƙa a yadda aka saba. Magana yake yi a kan kiɗa, da ƙarfi, da karin harshen kudu, kamar sanƙira a filin biki yana shelar wanda ya iso. Mutane da yawa a nan suke tsayawa su yi dariya su wuce. Da sun ƙara haƙuri da sun ji cewa kowace gaɓa tasa tana faɗawa daidai kan bugun ganga, wato shi ma kayan kiɗa ne. Kate da Cindy kuwa, kiran su 'yan amshi rage musu matsayi ne. Sukan tashi da murya ɗaya har ka kasa rabe su, sai su rabu kaɗan, tazarar da ke sa tsigar jiki tashi, sannan su sake haɗewa. A waƙar "52 Girls" su biyu ne ke jan ragama daga farko har ƙarshe. A "Planet Claire" Kate na bin sautin ogan da muryarta, babu kalma, daidai wa daida, na tsawon lokaci kafin waƙar ta buɗe baki, abin da ke buƙatar kunne da numfashi na gaske. A "Give Me Back My Man", daga faifansu na biyu, Wild Planet na 1980, Cindy ta rera begen da babu wasa a cikinsa ko kaɗan, duk da cewa kalmomin da ke kewaye da shi na almara ne.

Waƙar da ta fara fito da su, "Rock Lobster", wadda suka fara bugawa a ƙaramin kamfanin DB a 1978, ta kusa minti bakwai a faifan 1979. Labarin liyafa ce a bakin teku da jerin halittun ruwa, na gaske da na ƙage, matan suna kwaikwayon kukansu. A takarda shirme ne. A kunne kuwa gini ne mai hawa-hawa: salon jita guda yana maimaituwa, kiɗan ya lafa har ƙasa, ya sake tasowa da ƙarfin da ya fi na farko. Kuma waɗancan koke-koke suna da asali, domin daga salon Yoko Ono aka ɗauko su, mawaƙiyar da ita ma aka daɗe ana yi wa dariya. Mijinta John Lennon ya ji waƙar a wani gidan rawa a Bamuda a 1980, ya gane muryar matarsa a ciki, kuma ya faɗa da bakinsa cewa hakan na cikin abin da ya zaburar da shi komawa situdiyo bayan shekara biyar yana gefe. Faifansu shi da Yoko, Double Fantasy, ya fito a ƙarshen shekarar.

Me ya hana a ba su girmansu, in haka ne? Ma'aunin ne ke da aibi. Masu sharhin rok sun daɗe suna auna nauyin mawaƙi da ɗaurewar fuskarsa: wanda ke kukan duniya, ko mai jan dogon salon jita shi kaɗai a gaban dandali, shi ne gwani. Kiɗan rawa, da muryar mata, da abin dariya, duk a ƙasan sikeli suke. Mu ma mun san irin wannan rabo, inda makaɗin fada ke da kujera, ɗan kama kuwa a ba shi kyauta a sallame shi, alhali ɗan kama ba ya iya juya waƙar wani ta koma zancen tuwo sai ya ƙware a kan karinta sarai. Zauren karrama mawaƙan rok da ke Cleveland ya shigar da Talking Heads a 2002, Blondie a 2006, R.E.M. a 2007. Har zuwa 2025 bai shigar da B-52's ba, ga shi kuwa su ne suka fara sa aka san Atens a taswirar kiɗa kafin R.E.M., 'yan garinsu, su kafu a 1980.

Masu ƙin su ba su rasa abin faɗa ba, kuma ba zan ɓoye shi ba. Aikin da suka fara da David Byrne na Talking Heads bai kammalu yadda aka so ba, ya fito a guntun faifan Mesopotamia a 1982. A Whammy! na 1983 sun koma ga injin ganga, kiɗan ya yi sanyi, numfashin nan na mutum biyar a ɗaki ɗaya ya ragu. A 1994 sun fito a fim ɗin The Flintstones da sunan BC-52's, suka ƙara wa masu cewa 'yan wasan yara ne hujja da hannunsu. Tsakanin Good Stuff na 1992 da Funplex na 2008 shekara goma sha shida ce babu sabon faifai. Wanda ya ce aikinsu mai nauyi bai wuce faifai uku ba, ban ga laifinsa ba. Sai dai faifai uku irin waɗannan sun fi abin da wasu da dama da aka karrama suka bari.

Na ukun shi ne ya fi taɓa ni, saboda abin da ya gabace shi. Ricky Wilson ya rasu ranar 12 ga Oktoba, 1985, yana da shekara 32, sakamakon cutar ƙanjamau, a zamanin da ake ɓoye ta saboda tsangwama. Shi ma ya ɓoye wa yawancin abokan tafiyarsa. Cindy ta rasa yayanta, ƙungiyar ta rasa ginshiƙin sautinta. Faifan da suka gama da shi, Bouncing Off the Satellites, ya fito a 1986, ba su ko fita yawon tallata shi ba, kowa ya ɗauka tafiya ta ƙare. Sai Keith Strickland ya ajiye sandunan ganga ya ɗauki jita, ya bi hanyar ɗaurin tsirkiya irin ta abokinsa, ya fara tsara sabon kiɗa. Abin da ya fito shi ne Cosmic Thing a 1989, wanda Nile Rodgers da Don Was suka raba aikin ɗaukarsa. "Love Shack" da "Roam" kowacce ta kai mataki na uku a jerin Billboard na Amurka.

Jama'a sun ji biki a faifan, kuma bikin yana nan. Amma wanda ya saurari "Deadbeat Club" zai ji mutanen da ke waiwayen kwanakin ƙuruciya a Atens, lokacin da ba su da kuɗi ba su da aiki, kuma dukansu suna raye. Zaman makoki ne da aka yi shi a tsaye ana rawa. Mutanen da suka binne ɗan'uwansu sannan suka zaɓi su amsa da farin ciki mai tsari, da muryoyi biyu da suka daidaita kamar na "Roam", sun yi aiki mai wuyar da ta fi ta ɗaure fuska. Ba a banza ba ne Iggy Pop ya nemi muryar Kate Pierson a 1990, R.E.M. kuma a 1991.

Hukuncina shi ne B-52's sun cancanci a lissafa su a sahun gaba na makaɗan zamaninsu, Ricky Wilson kuma a cikin masu jitar da suka ƙago hanyarsu ta kansu. Mai karatu da ke shakka, ya nemi faifan 1979 da na 1980, ya kifa bangon kada ya kalli hoton, ya bi jitar ita kaɗai daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe, sannan ya sake komawa ya bi muryoyin matan biyu.